Tsohon ampili da na zamani: daga ina daɗin sautin yake fitowa?

Gardama ce da ba ta mutuwa a fadodin Yamai, musamman in akwai dattijon da ya yi samartakarsa a shekarun 1970. Zai ce maka kiɗa ya ƙare tun ranar da aka daina ƙera ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai fuskar azurfa, irin su Pioneer da Sansui da Marantz da Kenwood, waɗanda sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga su. Na yanzu, in ji shi, ƙara ce zalla, ba nama a jikin sautin. Samari su yi dariya su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Can gefe kuma ga ƴan tsirarun masu hali da suka leƙa Dubai ko Faransa suka ga ampilin da kuɗinsa zai gina gida a unguwar Kwara Kano ta Yamai, su kuma sun tabbata cewa tsada ita ce inganci.

Ni a ganina dattijon ba ƙarya yake ba. Kunnensa yana jin wani abu na gaske. Sai dai abin da yake ji ba fifikon aminci ba ne. Tsohon ampili yana ƙara wa sauti wani launi nasa na kansa, launin kuma ana iya auna shi, ana iya bayyana dalilinsa, har ana iya kwaikwayonsa da gangan. Ampilin zamani mai kyau an ƙera shi ne don kada ya ƙara komai. Wanne ya fi daɗi, wannan zaɓin mai saurare ne. Wanne ya fi faɗin gaskiyar abin da aka ɗauka a situdiyo, wannan ba a gardama a kansa.

Aikin ampili, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa amfilifaya, ɗaya ne tak: ya karɓi ƴar ƙaramar wutar da ke fitowa daga kaset ko faifai ko waya, ya kumbura ta har ta iya tura takardar lasifika gaba da baya. Duk abin da ya fito a bakinsa wanda bai shiga ba, gurɓata ne, ko da kuwa gurɓatan mai daɗin ji ne.

Waɗannan manyan na'urori sun shigo ƙasar nan ne a lokacin da kuɗin yuraniyom suka fara zuba. An fara haƙa a Arlit a 1971, Akuta ta biyo baya a 1978, ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa suka samu abin sayen kayan Japan. Ƴan ci-rani na Adar kuma suna dawowa daga Abijan da rediyo mai kaset a kafaɗa. Abin lura shi ne wannan lokaci ya dace daidai da shekarun da kamfanonin Japan ke kokawa da juna a kasuwar Amurka kan wanda zai fi ƙarfin wat. Kafin 1974 kowane kamfani yana rubuta lambar da ya ga dama. A shekarar ne hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka: duk wanda zai rubuta wat a jikin ampili, dole ya zama ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa ba yankewa, kuma kafin awo sai an bar ta tana aiki awa guda a kan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinta, wato kusa da inda irin waɗannan ampili suka fi yin zafi. Wanda bai sa babbar taransifoma da faffaɗan ƙarfen shan zafi ba, na'urarsa za ta faɗi jarrabawa. Daga nan nauyin ya samo asali. Pioneer SX-1980 na shekarar 1978 yana ba da wat 270 a kowane ɓangare, wato na lasifikar hagu da na dama, nauyinsa ya kai kilo 35, kuɗinsa a lokacin dalar Amurka 1,295. Saboda haka idan mai sayarwa a kasuwar Katako ya ce maka «Alhaji, ɗaga ka ji», yana da ƴar hujja. Wat 70 na Marantz 2270, wanda ya fito a 1971, wat ne na gaskiya, ba irin wat 5,000 da ake mannawa a jikin akwatin roba na yanzu ba.

Amma a nan akwai rashin adalci a gwajin. Dattijo yana gwada zakaran jiya ne da kazar yau. Abin da ya rayu shekara 45 har ya iso hannunmu shi ne mafi ƙarko a cikin zamaninsa. Tarkacen lokacin sun daɗe da komawa bola. Kuma ba duk tsoho ba ne mai laushi. Ampili masu taransisto na farko-farko, na shekarun 1960, da yawansu kaushi gare su, suna soke kunne in an rage murya, har wani injiniya ɗan ƙasar Finlan, Matti Otala, ya shahara a shekarun 1970 da binciken irin wannan kaushi. Idan za a yi adalci, sai a ajiye SX-1980 kusa da abin da ya kai darajarsa a yau, ba kusa da lasifikar Bluetooth ta ƴan talla ba.

To daga ina laushin nan da kaurin sauti suke fitowa? Babban dalili, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne yadda ampili ke riƙe lasifika. Lasifika ba ta tsayawa cak in an daina tura ta; takardarta tana da nauyi, tana son ta ci gaba da lilo. Ampili shi ne linzaminta. Mai gajeren linzami yana tsayar da ita nan take, sai bugun ganga ya fito a dunƙule ya yanke. Mai sakakken linzami yana barinta ta ɗan ƙara taku ɗaya, sai bugun ya fito da jela, ya cika ɗaki. Abin da ke ƙayyade wannan shi ne turjiyar da ke bakin ampilin kansa, wadda ake aunawa da om. Ampili mai kwalba, wato mai fitilun nan da ke ja in sun yi zafi, nasa yakan kai rabin om ko om guda, wani lokaci ya fi. Na zamani mai taransisto nasa yakan sauka ƙasa da om 0.05.

Bari mu yi lissafi kaɗan, don a nan ne maganar take. An rubuta om 8 a bayan lasifika, amma wannan lamba ta takarda ce. A zahiri turjiyarta tana hawa da sauka gwargwadon sautin da ke wucewa: a wani wuri ta sauka om 4, a wurin rurin bas ta haura om 30. Idan bakin ampili yana da om 1, to a inda lasifika take om 4 kashi 80 cikin 100 na wutar ne ke isa gare ta, a inda take om 30 kuma kusan kashi 97. Tazarar ta kai desibel 1.7 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma kunne yana jin ta sarai a matsayin bas mai kauri. Idan bakin ampilin om 0.02 ne, tazarar ba ta kai desibel 0.05 ba, babu mai jin ta. Wato ampili mai kwalba yana murɗa maka maɓallin bas ne a ɓoye, kuma yadda zai murɗa ya danganta da lasifikar da ka haɗa masa. Shi ya sa za ka ji ampili ɗaya ya yi daɗi a gidan wane, a kai shi wani gida da wasu lasifiku ya zama laka.

Na Japan masu fuskar azurfa ba su kai masu kwalba sakin linzami ba, amma suna da nasu hanyoyin. Da yawa daga na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 suna fitar da sauti ne ta cikin wata babbar kondensa, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta ya sake ta, wadda ke rage riƙonsu a can ƙasan bas. Sannan kusan dukkansu suna da maɓallan bas da na siririn sauti, kuma ko an tsayar da su a tsakiya ba lalle su zama daidai ba. Uwa uba akwai ɗan maɓallin nan da ke ƙara kauri in an rage murya. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin bas sosai idan sauti ya yi ƙasa. Maɓallin an yi shi ne don cike wannan giɓi, yana ɗaga bas da desibel da yawa. Je ka duba tsofaffin ampili a gidajen mutane: a mafi yawansu maɓallin a danne yake tun zamanin Shugaba Kunce, ba wanda ya taɓa sakinsa. Masu ƙera kayan tsada na zamani kuwa sun cire shi, sun cire maɓallan bas, wai don kada sauti ya bi ta hanyoyi da yawa. A ganina wannan asara ce. Mutumin da ke sauraro da dare a tsakar gida, yara na barci, yana buƙatar maɓallin nan fiye da duk wata waya mai ruwan zinariya.

Sai maganar gurɓata. Marantz 2270 an rubuta masa kashi 0.3 cikin 100, SX-1980 kashi 0.03, mafi kyawun na yau kuma suna ƙasa da kashi 0.001. A takarda tazara ce mai girma, a kunne kuwa kusan babu, domin lasifikar kanta tana gurɓata bas da kashi da dama cikin 100 in an ɗaga murya. Inda maganar ke da ma'ana shi ne irin gurɓatan. Wasu ampili masu kwalba, musamman masu kwalba guda a kowane ɓangare, suna ƙara wani amo da ke ninka girgizar asali sau biyu. Wannan amo ɗan uwan sautin asali ne, kamar yaro ya bi muryar babba a waƙa ɗaya, don haka kunne yana ɗaukarsa a matsayin cika. Amon da ke ninkawa sau bakwai ko tara kuwa baƙo ne, ɗan kaɗan ɗinsa ma yana sa goge ya yi kamar ana yankan kwano.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a garin nan shi ne halin ampili in an matsa masa ya wuce iyaka, domin mu mutane ne masu son murɗa murya har ƙarshe. Mai kwalba yana gajiya ne a hankali, yana danne kan sautin ba tare da ya yage ba. Mai taransisto, tsoho ko sabo, yana tafiya lafiya lau har ya ci karo da rufi, sai ya fille kan sautin da wuƙa. Wannan fillewa ita ce tsatsar da ake ji a wajen biki, kuma ita ce ke yawan ƙona ƙananan lasifikun siririn sauti. Mutane suna ɗauka babban ampili ne ke kashe lasifika. Sau da yawa ƙarami ne da aka tilasta masa. Kuma wat ba ya tafiya yadda ake zato. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Tsakanin wat 70 da wat 100 tazarar kusan desibel ɗaya da rabi ce kawai.

Akwai kuma abin da dattijon ba zai so ji ba. Ampilin da ke falonsa ba shi ne wanda ya saya ba. Kondensa masu ruwa a ciki suna bushewa da shekaru, rezista, wato ƴan kayan da ke rage gudun wuta, suna kauce wa ƙimarsu, saitin wutar da ke ratsa manyan taransisto yana zamewa, maɓallai suna yin datti. Sakamakon yakan zama bas mai sanyin jiki da siririn sauti da ya dushe, wanda kunne ya saba da shi har ya sa masa suna laushi. Masu gyara sun san wannan rigima: a sauya wa mutum kondensa, a mayar da na'ura kusa da yadda ta fito daga masana'anta, ya dawo yana cewa «Malam, ka ɓata mini sauti». Tsohuwar zuma da ita ake magani, gaskiya ne, amma kondensa ba ta gyaruwa da tsufa.

An sha gwada wannan gardama a inda ido ba ya taimakon kunne. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da aka tara masu saurare aka daidaita ƙarar na'urori, aka ɓoye musu wadda ke aiki. A ciki akwai Pioneer mai arha na dalar Amurka 220 da kuma wasu masu kwalba na dala 12,000. Gaba ɗaya amsoshin ba su yi nisa da na mai canki-canka ba. Kafin nan, a 1985, wani maƙerin ampili mai suna Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile cewa su zaɓi duk ampilin da suke so, zai sa nasa mai sauƙin kuɗi ya yi irin sautinsa. Suka kawo mai kwalba mai tsada. Ya yi ta gyara nasa yana auna bambancin abin da biyun ke fitarwa har bambancin ya kusa ɓacewa, editocin mujallar suka saurara suka kasa rarrabewa. Daga baya ma ya ƙera ampili mai baki biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya an sa masa rezista mai om 1 don masu son launin kwalba. Rezista guda, abin da ba ya cin kuɗin shayi.

Wannan ba yana nufin duk ampili ɗaya ba ne. Yana nufin idan biyu suna da lafiya, ba su da launi, ba a matsa musu ba, kuma an daidaita ƙararsu, to rarrabe su da kunne kaɗai abu ne mai wuyar gaske. Sharaɗin daidaita ƙara shi ne wanda kowa ke tsallakewa. In ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin desibel kacal, ba za ka ce ya fi ƙara ba, za ka ce ya fi tsabta da faɗi. Masu shaguna a ko'ina cikin duniya sun san wannan. Ga kuma ido: allon Marantz mai hasken shuɗi, allurai biyu suna rawa, akwatin katako. Mu da muka ce gani ya kori ji bai kamata mu yi mamaki ba idan gani ya gyara ji.

Shi kansa na zamani mai tsada ba murya ɗaya gare shi ba. Ƙungiya biyu ce. Ta farko tana neman ampilin da zai ɓace, ya zama kamar babu shi a tsakani. Benchmark AHB2, wanda ya fito a 2014 da wat 100 a kowane ɓangare, misali ne: shirunsa ya kai a ce ka kara kunne a lasifika ba ka jin ko huci. Tsofaffi da yawa kuwa suna da ɗan huci ko gunji in an yi tsit. Ƙungiya ta biyu tana sayar da launin jiya ne da farashin yau. McIntosh MC275 mai kwalba, wanda aka fara ƙerawa a 1961 da wat 75 a kowane ɓangare, an dawo da shi kasuwa a shekarun 1990 kuma har yanzu ana yinsa. Akwai masu biyan maƙudan kuɗi don ampili mai wat 8 kacal da ke aiki da kwalbar 300B, wadda kamfanin Western Electric ya fitar tun shekarun 1930. Saboda haka mai cewa na zamani ya bushe sai a tambaye shi wanne daga ciki. Kuma idan farashi ya haura wani mataki, abin da ake biya shi ne akwatin da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom, da suna, da ribar dillali, da ƙarancin adadin da ake ƙerawa. Akwai ampili da ake sayarwa sama da dalar Amurka 200,000. Ba na musun kyawun ƙirarsu, amma ban yarda kunne na iya cin moriyar wannan kuɗi ba.

Sauyi na haƙiƙa da zamani ya kawo shi ne ampilin da ake kira aji D. Tsofaffin na Japan kusan duk ajin AB ne, manyan taransistonsu suna buɗewa ne rabi-rabi, don haka kaso mai yawa na wutar da suka sha yana tafiya a zafi. Aji D yana kunna wuta da kashe ta ne sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, sai matata a baki ta tace ta koma sauti. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar tana isa lasifika. Na farkonsu sun yi ƙaurin suna da gaskiya, siririn sautinsu yana sauyawa gwargwadon lasifikar da aka haɗa, kuma masu arha har yau haka suke. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, yana cikin waɗanda suka magance wannan, ta hanyar sa na'urar ta riƙa duba abin da ya fito bayan matatar tana gyarawa. Allunan da ya tsara a kamfanonin Hypex da Purifi suna cikin mafi tsabtar da aka taɓa aunawa, kuma kamfanoni da dama suna sayensu su sa a nasu akwati. Kamfanin NAD, wanda ya yi suna a ƙarshen shekarun 1970 da ɗan ampilinsa 3020 mai wat 20, yanzu da irin waɗannan alluna yake ƙera manyan nasa. Ga mai farantin sola da batir a Yamai ko Tawa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ampili mai kwalba yana shan sama da wat 100 ko ba a kunna masa komai ba, yana kuma dumama ɗaki a watan Afrilu. Aji D kuwa har akwai ƙananansa da ke aiki da batir mai bolt 12 ko 24 kai tsaye.

Duk wannan ampili muke ta yi, alhali shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin jerin. Lasifika da ɗaki su ne masu yanke hukunci. Lasifikun da suka zo tare da tsofaffin ampili manyan akwatuna ne masu faffaɗar takarda, inci 10 ko 12, masu saurin amsa wuta, wat kaɗan ya ishe su. Da yawansu da gangan aka ɗaga musu bas da tsakiya, kamar JBL L100 na 1970. Na zamani sirara ne, an matse su don su shiga falon Turawa, sau da yawa om 4 ne, kuma masu cin wuta. Haɗa tsohon ampili mai wat 30 da irin waɗannan sai ya shaƙe. Haɗa sabon ampili da tsofaffin manyan akwatuna sai ka ji rabin daɗin jiya ya dawo. Ɗaki kuma ya fi kowa ɓarna. Falon siminti mai tayil, bango tsirara, rufin kwano, yana iya ɗaga wani sautin bas ya danne wani da desibel 10 ko fiye, ya kuma mayar da kalangu amsa-kuwwa. Ɗakin laka mai darduma da labule da katifa ya fi shi kyawun sauti nesa ba kusa ba. Wanda ya shimfiɗa kafet ya janye lasifika daga lungu ya sauya sautinsa fiye da wanda ya sauya ampili. A wannan fanni na zamani yana da makamin da tsoho bai taɓa mafarkinsa ba: wasu suna zuwa da makirufo, su auna ɗakin, su rage wuraren da yake kumbura sauti.

Sannan abin da ake zuba wa ampilin ma ya sauya. Kaset yana danne siririn sauti, yana tausasa bugu mai ƙarfi, kuma kaset ɗin kasuwa kwafin kwafi ne. Wannan ne sautin da dattijo ya girma da shi, yana danganta shi da Sansui alhali rabinsa na kaset ne. Yau waƙa tana zuwa ta WhatsApp an matse ta an sake matsewa, kuma tun daga situdiyo an danne ta don ta yi ƙara a waya, al'adar da ta yi ƙamari a duniya daga shekarun 1990. Ampili mai aminci zai nuna maka wannan muni ɓaro-ɓaro, mai launi ya ɗan lulluɓe shi. Kunnen ma ya tsufa: yaro yana jin girgiza har kusan 20,000 a daƙiƙa, mai shekara 60 da wuya ya wuce 12,000.

Ga wanda ke tsaye a Katako yana shawara, yanayin garin nan yana da bakin magana. Ƙa'idar da masu ƙera kondensa ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarta biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 85 za ta yi wajen awa 32,000 idan cikin akwati digiri 45 ne, amma awa 8,000 kawai idan ya kai 65, kuma a bazarar da inuwa ke haura digiri 40 wannan ba abin mamaki ba ne. Ampilin da ya tsufa a Yamai ya fi sa'ansa da ya tsufa a Jamus gajiya. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙarƙara, tana toshe ramukan shan iska. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ba ta bar kowa ba, amma babbar taransifomar tsoho ta fi jure mata a kan wutar sabbin da ba su da kariya mai kyau, don haka na'urar daidaita wuta ba ado ba ce.

Inda tsoho ya yi fintinkau shi ne gyara. Kayan cikinsa manya ne, a sarari suke, taswirar da yawansu tana intanet, mai gyaran rediyo da ƙarfen dalma da mita zai iya bin sawun cutar. Sabo mai ƙananan kaya manne da allo da manhaja a ciki, in ya mutu sau da yawa sai a sauya allon gaba ɗaya, allon kuma ba a Yamai yake ba. Sai dai tsohon ma yana da tarkonsa: wasu taransistonsa an daina yinsu, kasuwa kuma cike take da jabun masu lambar asali, waɗanda ke aiki mako biyu su ƙone su tafi da lasifika. Na shekarun 1980 masu dunƙulen STK, wato guntu ɗaya da aka haɗe manyan taransisto a cikinsa, su ma haka, na asali ya yi wuya. Mai kwalba kuwa akwai bolt 400 zuwa 500 a cikinsa, kuma kondensa tana riƙe wuta bayan an cire soket, ba wurin sa hannun mai koyo ba ne.

Da wani zai tambaye ni, zan ce in yana da manyan lasifiku na da, da mai gyara da ya amince da shi, ya sayi tsohon na Japan na tsakanin 1972 da 1980, ya ware kuɗin sauya kondensa da saita shi tun ranar saye. In sola gare shi ko lasifikunsa na zamani ne, ya nemi aji D na kirki mai matsakaicin farashi, ragowar kuɗin ya zuba a lasifika da kafet. Kuma kafin a soka tsoho a bango a juya bayansa a karanta. Wutarmu bolt 220 ce, wanda aka yi don kasuwar Amurka na 120 ne, na cikin gidan Japan na 100. Wasu suna da maɓallin zaɓen wuta a baya, wasu babu, sai da taransifomar rage wuta. A sa mai gyara ya auna bakin lasifika da mita kafin a haɗa komai: idan ya ga tsayayyar wuta, irin ta batir, ta yi yawa har ta doshi rabin bolt, a bar lasifika a gefe sai an gyara.